Rubutun cikin zobe: yadda ake gane tsohon gwal da sanin kuɗinsa

Zobba uku Gwaggo ta kwanto daga bakin wani tsohon ɗankwali, ta jera su a kan murfin samira a tsakar gidanta da ke Tudun Wada. Jikarta ta samu gurbin karatu, kuɗin rajista ya zo wuya, ga shi wata bai yi nisa ba balle a jira ɗaukar adashi. A gidajenmu idan mace ta buɗe adaka ta ciro gwal, ba sai an tambaye ta dalili ba.

"Ɗan nan, kai da ka yi boko, duba min rubutun da ke cikinsu. Wanne zan sayar?"

Kafin in duba ta riga ta jera su bisa daraja a idonta. Na farko wani ƙato ne mai faɗi, rawaya shar, da ƙananan duwatsu farare kewaye da kansa. A hannun dillaliya ta saye shi shekarun baya. Na biyu shi ne wanda ta sayo a Makka shekarar da ta sauke farali. Na uku siriri ne, launinsa ya ɗan koɗe, duk jikinsa ƙarce. "Wannan ba na jin gwal ne ma," in ji ta. "Malam ne ya kawo min tsaraba lokacin da aka tura shi kwas Ingila. Don shi nake ajiye da shi."

Na goge cikin kowanne da tsumma da ɗan ruwan sabulu, na haska tocila daga gefe, na ɗauki hoto da waya na zuƙo shi. Haske daga gefe ya fi na sama, domin inuwar ramin rubutun ce ke fito da shi. Abin da na karanta ya birkita jerin Gwaggo gaba ɗaya.

Sai an san abin da lambobin ke ƙirgawa kafin su yi amfani. Gwal zalla laushi gare shi, zoben da aka yi da shi lanƙwashewa yake a yatsa, shi ya sa ake haɗa shi da jan ƙarfe ko azurfa ya yi ƙwari. Karat shi ne ma'aunin wannan haɗin, an raba shi kashi 24. Karat 18 na nufin kashi 18 gwal ne, 6 wani ƙarfe ne. Maƙera da yawa ba sa rubuta karat ɗin, sai su rubuta adadin gwal cikin dubu. Don haka 750 shi ne karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22, 585 karat 14, 375 kuma karat 9, wanda gwal ɗin cikinsa bai kai rabi ba. Kowace ƙasa da abin da ta fi sabawa da shi. Ɗan Saudiyya yawanci 21 ne, Indiyawa sun fi son 22, ɗan Italiya 18 ya fi yawa, Amurkawa 14 da 10, Ingila kuwa karat 9 ya cika kasuwarsu. A Dubai za ka sami 18 da 21 da 22. Wani na ƙasashen Larabawa da lambar Larabci yake zuwa, ka ga ٢١ a maimakon 21.

A cikin ƙaton zoben Gwaggo an rubuta 18K, da kyau, ba gargada. Amma a gefensa akwai wasu ƙananan harufa biyu: GP. Waɗannan harufan su ne suka kashe maganar. Ma'anarsu ruwan gwal ne aka yi wa wani ƙarfe, 18 ɗin kuma ingancin ruwan ne, ba na zoben ba. 'Yan'uwansu su ne GEP da HGE da RGP. Akwai kuma GF, wanda fatar gwal ɗinsa ta ɗan fi kauri, amma shi ma cikinsa tagulla ce. Wanda ya ƙera zoben bai yi ƙarya ba, ya rubuta gaskiya da ƙaramin baƙi. Wadda ta kawo shi cikin gida ta nuna 18 ta rufe sauran da babban yatsa, ko kuma ita ma haka aka yi mata. Da na juya zoben na dubi ƙasansa, inda yake gogar tafin hannu, rawayar ta sirance har wani ja-ja ya fara leƙowa. Irin wannan tarkon ne da zobe mai launin gwal da aka buga wa 925. Wannan lambar azurfa ce, abin da ke sama wanki ne kawai.

Mu a nan gwal mai rawaya sosai muke so, har mukan ce wancan ya fi nuna. Masu yin na jabu sun san haka sarai, shi ya sa nasu ke fin na gaske ɗaukar ido. Alhali launi haɗi ke kawo shi. Gwal mai karat 18 da aka yawaita wa jan ƙarfe ja-ja yake fitowa, wanda aka haɗa da farin ƙarfe kuma sai ka rantse azurfa ce, kuma duka 750 ne.

To amma ko da babu GP, ko da 750 ce tsaf ita kaɗai, akwai tambayar da ta fi "me aka rubuta" nauyi: wa ya rubuta? Ƙarfen buga lamba abu ne mai araha da ake sayarwa a intanet, mai guduma zai iya buga 916 a jikin murfin kwalba. A ƙasashe da dama maƙerin ne da kansa yake buga lambar, wato shi ke yabon kayansa. A wasu ƙasashen kuma doka ta hana a yarda da bakin maƙeri, sai wani ofishi daban ya gwada ya sa hatiminsa. Tsakanin waɗannan biyun akwai tazara kamar ta mai cewa "ni mai gaskiya ne" da wanda unguwa ta shaida.

Siririn zoben Malam daga irin ƙasa ta biyun ya fito. Hatimai biyar ne a jere a cikinsa, kowanne cikin ɗan akwatinsa, ƙanana kamar ƙwayar gero: harufan sunan mai kaya, sai kambi, sai 18, sai anga, wato ƙugiyar da ake tsayar da jirgin ruwa da ita, sai harafi guda shi kaɗai. Tun shekarar 1300 Ingila take da dokar gwada azurfa da zinare, kuma har yau ofisoshi huɗu ke wannan aikin a Birtaniya, kowanne da tambarinsa. Landan kan damisa, Edinbara ganuwa mai hasumiya uku, Shefil fure, Bamingam kuma anga, duk da cewa garin ba ya bakin teku. An buɗe ofishin Bamingam a 1773. Kambin yana nuna zinare ne, 18 ɗin karat ne, harafin ƙarshe kuma shekarar da aka gwada zoben. Karanta shekarar na buƙatar natsuwa, don harufan zagayowa suke yi, abin da ke bambanta wannan zagayen da wancan shi ne salon rubutun da siffar akwatin da harafin ke ciki, kuma kafin 1975 kowane ofishi da nasa jerin. Sai ka fara gane garin, sannan ka nemi jadawalin garin a intanet. Na Gwaggo ya faɗa farkon shekarun 1960, daidai lokacin da ta ce Malam ya yi tafiyar.

Salon lambar ma yana ba da labarin shekaru. Daga 1975 aka koma rubuta 750 ko 916 a gefen kambin a maimakon 18 ko 22. Daga 1999 harafin shekara ya zama ganin dama, don haka rashinsa a sabon zobe ba aibi ba ne. Idan kuwa ka ci karo da zoben Ingila mai 15 da .625, ka san tsakanin 1854 da 1932 aka yi shi, domin a 1932 aka soke karat 15 da 12 aka kawo 14.

Ɗan Italiya, wanda ya fi na Ingila yawa a hannun matanmu, nasa tsarin daban ne. Bayan 750 za ka ga ɗan tauraro, da wata lamba, da harufa biyu. Lambar rajistar masana'antar ce, harufan kuma lardin da take: AR na Arezo, VI na Bicenza, AL na Alesandiriya inda garin Balenza yake. Masana'antar ce ke bugawa da kanta, amma dai akwai sunan wanda za a kama. Sarƙa ko zoben da aka rubuta wa sunan Italiya da 750 kawai, ba tauraro ba lamba, a ƙara masa ido. Faransa kan gaggafa take bugawa a karat 18, ƙarami ƙwarai, kuma sau da yawa a bayan zoben yake ba a ciki ba. Indiya ta wajabta hatimin hukumarta ta BIS a 2021, sababbin kayansu na zuwa da 22K916 da wata lamba mai baƙaƙe shida da ake iya bincikawa a manhaja.

Zoben Makka shi ne mai sauƙi: 21K, 875, da tambarin maƙeri. Gwaggo ma ta ce tana da rasit, sai dai tawadar ta gudu tuntuni, farar takarda ta rage.

Kishiyar kuskuren yarda da lamba kawai ma akwai ta, kuma ita ta fi cutar masu sayarwa. Zobe ya rasa lamba ba ya nufin jabu ne. Shekara talatin ana daka da wanke-wanke da shi, rubutun ciki yakan shafe. Idan an taɓa rage shi ko ƙara shi, wataƙila daidai wurin lambar aka yanke. Ga kuma aikin maƙeranmu na gida, waɗanda ake kai wa tsoffin 'yan kunne su narkar su zuba zobe, sau da yawa ba sa buga komai. Irin wannan gwaji ne kawai zai faɗi matsayinsa, kuma a nan ne mai saye mara tsoron Allah yake cewa "ai wannan ba shi da lamba, Hajiya, sai dai in taimaka miki."

Gwajin gida yana kore ƙarya, amma ba ya tabbatar da gaskiya. Maganaɗisu ba ya jan gwal, to idan ya ja zobe magana ta ƙare. Idan bai ja ba kuma ba ka san komai ba tukuna, don tagulla da azurfa ma ba ya jan su. Ƙaton zoben Gwaggo ko motsi bai yi ba da na kusanto da shi. Wanda ya fi amfani shi ne gwajin ruwa, ga mai ƙaramin sikeli da ke karanta ɗigo biyu bayan giram. A auna zoben a bushe. A ɗora kofin ruwa a sikelin a mayar da shi sifiri. A ɗaure zoben da zare a nutsar da shi cikin ruwan, kada ya taɓa ƙasa ko gefe, a rubuta abin da sikelin ya nuna. Sai a raba nauyin farko da na biyu. Gwal zalla 19.3 yake bayarwa, karat 22 wajen 17 da ɗoriya, karat 18 wajen 15 zuwa 16, azurfa 10 da rabi, tagulla ba ta kai 9 ba. Amma ƙaramin zobe ruwan da yake turewa kaɗan ne, kuskuren ɗigo ɗaya sai ya kai ka wani karat ɗin daban. Zobe mai dutse ko mai rami a ciki kuwa kada ma a wahalar da kai.

Washegari muka shiga Sabon Gari. Na ce wa Gwaggo shago uku za mu shiga kafin mu sallama, ta ce shago biyu kawai ƙafarta za ta iya. A na biyun muka tarar da wani dattijo da tabarau a karan hanci. Bai ko kalli lambar ba da farko. Ya jefa zoben Makka a tafin hannunsa sau biyu yana jin nauyi, sannan ya goga shi a wani baƙin dutse mai santsi har ya bar zane rawaya. Ya ɗiga ruwan gwaji daga wata 'yar kwalba a kan zanen. Zanen ya tsaya daram. Ruwan asid ne, kowace kwalba da ƙarfinta, zanen gwal mai ƙarancin karat gushewa yake a ƙarƙashin ruwan da ya fi ƙarfinsa. Da ya zo kan ƙaton sai ya ɗago ya ce, "Hajiya, kin yarda in ɗan ƙarce shi ta ciki?" Ta yarda. Ya sa zarto ya yi ɗan tsagi, ya ɗiga ruwan, nan take wurin ya tafasa ya yi kore. Ya tura mata shi a hankali, bai ce komai ba. Dalilin tsagin shi ne dutsen fatar zobe kawai yake ɗauka, mai kaurin wanki zai iya tsallakewa. Har na'urar zamani da ke haska ƙarfe ta fitar da lissafi a allo, ita ma sama-sama take karantawa.

Yanzu kuɗi. A nan ne na fi son mai karatu ya zauna da biro, don lissafin bai fi na cefane wuya ba, amma rashinsa ne ke sa a taya wa mutum abin da aka ga dama. Abu uku ake buƙata: nauyin zoben, adadin gwal ɗin cikinsa, da farashin ranar. Farashin duniya da dala ake faɗinsa a kan oza ɗaya, ozar gwal kuma giram 31.1 ce, ba irin ta awon kayan abinci ba. Sau biyu a rana ake tsayar da shi a Landan, kuma yana motsi sosai: ya haye dala 3,000 a watan Maris na 2025, ya haye 4,000 a Oktoban shekarar. Ga kuma canjin naira a kai. Shi ya sa farashin da maƙwabciya ta sayar bara ba hujja ba ne yau.

Don sauƙin lissafi kawai, mu ƙaddara oza tana dala 3,110, wato giram ɗaya dala 100, dala kuma naira 1,500. Giram na gwal zalla ya zama naira 150,000 ke nan. Zoben Makka giram 4.2 ya yi a sikeli. A ninka da 0.875, gwal ɗin cikinsa giram 3.675 ne, kuɗinsa naira 551,250. Da a ce karat 18 ne mai wannan nauyin, naira 472,500 zai kama. Wato idan mai saye ya ce "wannan 21 ɗin bai cika ba, a 18 zan ɗauka" kuma aka yi shiru, naira 78,750 ta tafi a jimla ɗaya. Siririn na Malam giram 2.6 ne, a ninka da 0.75, giram 1.95, naira 292,500. Wanda aka ce ba a jin gwal ne.

Wannan adadin shi ne rufin ɗaki, ba wanda zai biya shi cif. Mai saye zai cire ribarsa, da asarar narkarwa, da waldar da aka yi wa zoben in an taɓa gyara shi, don abin liƙin yakan gaza zoben karat. Wannan halal ne, kasuwa ce. Abin da ya kamata a tambaya shi ne nawa yake sayen giram na karat kaza yau, a ji amsar kafin a ɗora zobe a sikeli, kuma a ga sikelin yana kan sifiri da ido. Shagon farko da muka shiga wajen kashi ɗaya cikin huɗu ya zabge daga lissafina, bai kuma yarda ya faɗi kuɗin giram ba, sai dai "duka-duka kaza". Dattijon nan abin da ya cire bai wuce ɗaya cikin goma ba.

Abin da ke yi wa mata ciwo shi ne kuɗin aiki. Ranar saye an biya gwal an biya ƙira, kuma zobe mai ado da yawa ƙirarsa tsada gare ta. Ranar sayarwa ƙirar ba ta dawowa, domin mai saye wuta zai kai shi. Duwatsu ma haka. Yawancin farare masu walƙiyar nan na masana'anta ne, wani lokaci har da CZ, alamar irin wannan dutsen, a rubuce a cikin zoben, kuma za a cire nauyinsu. Idan an biya su da farashin gwal ranar saye, asarar tun ranar aka yi ta. In kuwa ana zaton lu'ulu'u ne na gaske, kada a bari a ɓamɓare shi a jefa cikin gwangwani, a nemi wanda ya san dutse daban. Karat ɗin lu'ulu'u ma wani abu ne daban, nauyi ne, kashi ɗaya cikin biyar na giram, shi ya sa wani zoben za ka ga 0.25 a gefen 750.

Wannan raba dutse da zinare ba sabon wayo ba ne. Muslim ya ruwaito cewa Fadalatu ɗan Ubaidu ya sayi abin wuya mai zinare da duwatsu a kan dinari 12 lokacin Khaibara, da ya rarrabe sai ya tarar zinaren ciki ya fi dinari 12, Manzon Allah (SAW) ya hana a sayar da irinsa sai an rarrabe. Daga wannan babin ne malamai ke jan kunne kan abin da ake yawan yi a shaguna, a miƙa tsohon zobe a ɗauki sabo a yi ciko. Zinare da zinare sai nauyi ya yi daidai kuma hannu da hannu. Hanyar da malamai da yawa ke nunawa ita ce a sayar da tsohon a karɓi kuɗinsa, sannan a yi cinikin sabon daban. Ko ta fuskar aljihu ma hakan ya fi, don a cikin musaya ne farashi biyu ke ɓuya a bayan ciko ɗaya. Haka nan "bar zoben ki dawo gobe ki karɓi sauran" ba ciniki ba ne da za a yarda da shi.

Mai sayen na hannu kuma, ban da duk wannan, ya tambayi asalin kaya. Zoben da yaro ya kawo da magariba a rabin kuɗi, ba rasit ba wanda ya san shi, ofishin 'yan sanda yake kai mutum.

Saura tambayar da ni kaina na yi wa dattijon: tsufan zoben Ingila da cikar hatimansa ba su ƙara masa kuɗi ba? Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ni sikeli nake saye." Gaskiyarsa. A wasu ƙasashe akwai masu neman tsoffin kaya da ke biyan fiye da nauyi idan zoben ya tsufa ƙwarai ko sunan maƙerin sananne ne, amma zoben aure mara ado na shekarun 1960 ko a can ɗin bai cika wuce kuɗin gwal ɗinsa da yawa ba. Amfanin hatiman a nan shi ne sun hana a yi musun karat ɗin. Ya goga shi a dutse duk da haka, zanen ya tsaya a ruwan 18.

Gwaggo ta sallama na Makka, aka tura kuɗin ta waya, ba ta tashi daga benci ba sai da na nuna mata alat. Ƙaton ta ce a bai wa yara su yi wasan 'yar tsana. Dattijon ya riƙe siririn yana juyawa, ya ce in tana so shi ma zai saya, ya faɗi kuɗi. Ta miƙa hannu ta karɓe abinta, ta gwada shi a yatsan da ta saba, ya tsaya a gaɓa. Ta mayar da shi ƙaramin yatsa ya shige.

"Kai, ɗan nan," ta ce da muka fito bakin titi muna neman Keke Napep, "ashe da Malam ya ce ya kashe kuɗi, ba cika baki yake ba."